Karkataccen Ɗinkin Inna

Ranar da aka mayar da Inna sito, da tarinta na gano inda take. Na shiga gidan kamar kullum, na nufi ɗakinta na gaba mai tagogi biyu, na tarar da ƙofa a buɗe, babu gado, babu keken ɗinki, sai wani mai fenti a kan tsani yana 'yar waƙarsa. Matar Yaya ce ta nuna mini hanya da baki, ko ɗagowa daga wayarta ba ta yi ba.

"Tana baya. Na kwana biyu ne, kafin fenti ya bushe."

Na zaga baya, tarinta ya kai ni har ƙofar siton. Yana bayan kicin, daf da makwararar ruwan wanke-wanke. Tsawonsa bai fi tabarma biyu ba. Taga ɗaya ce can sama, gilashinta ya fashe an toshe da kwali. An tura buhunan gawayi da tsofaffin tayoyin mota gefe guda, aka jefa katifa a kan siminti, aka shimfiɗa mata leda. A kan ledar nan aka kwantar da matar da ta gina gidan da allura.

Ba Inna ce ta haife ni ba. Ɗinki ta koya mini, shekara bakwai ina gindin kekenta, ni da ƙawata Gajera, wadda har yau shagonmu ɗaya. A gidan na ci na sha, shi ya sa nake kiran babban ɗanta Yaya. Ita kuwa Tsaf-tsaf take ce mini, saboda ban iya ganin zare ya leƙo in ƙyale shi ba. A lokacin wata biyar ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakinta ya karkace, magana na fita da ƙyar, amma hankalinta ras yake, ya ma fi na wasu masu ƙafa biyu da ke gidan.

Na jira Yaya ya dawo daga aiki. Manaja ne a wani kamfani, mutum mai taushin murya, irin wanda zai hana ka abu har ka yi masa godiya.

"Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Warin fenti ba shi da kyau ga mai ciwo. Kwana biyu ne."

"Gadonta fa, Yaya?"

"Likita ya ce tana iya faɗowa. Mun adana mata."

"Keken fa?"

"Shi ma mun adana. Me za ta yi da keke yanzu?"

Fenti ya bushe, ya yi wata guda da bushewa. Aka mayar da gadon Inna ɗakin, aka rataye sababbin labule, aka sa masa suna ɗakin baƙi. Inna tana sito. Daga nan kuma adanawa ta zama aikin gidan. An adana rediyonta, wai surutu yana hana ta hutawa. An adana fulas ɗinta, wai kada ta ƙone. Har tabarau aka adana, wai kada ta kwanta a kai ya fashe. Duk wanda ya ɗauke wani abu, da tausayi yake ɗaukewa, yana cewa sai ta ji sauƙi.

Na ce wa Yaya ya ba ni ita in tafi da ita gidana. Ɗakina ɗaya ne, amma ba ya yoyo. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ina raye uwata ta koma hannun 'yar koyo? Mutane su ce me?"

Na kira Auta, 'yarta da ke aure a nesa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni ina nesa, Yaya ne a kusa. Don Allah kada ki haɗa ni faɗa da ɗan'uwana. Ai na gan ta ranar Asabar, tubarkalla." Gaskiya ta faɗa, ta gan ta. Duk Asabar akan cicciɓo Inna a kawo ta falo, a ɗaura mata ɗankwali mai kyau, a jingina ta da matashi, a nuna wa Auta ita a waya. Ana kashe wayar a cire ɗankwalin a mayar da ita.

Sai damina ta sauka. Kwanon siton yana yoyo a wuri biyu, bango ya tsotsi ruwa har ya yi fumfuna, sanyin siminti yana ratso katifar. Wata rana da hantsi na tarar da Inna tana makyarkyata a ƙarƙashin zanen gado guda ɗaya, haƙoranta na haɗuwa. Bargonta mai kauri an ɗauka za a wanke tun makon jiya. Ban tsaya tambaya ba, na tafi kasuwa na sayo mata sabo, mai laushi, mai zanen furanni. Ta kwana biyu da shi. A rana ta uku na zo babu shi.

"Ke ma kin san halin da take ciki," in ji matar Yaya. "Ba ta iya riƙe fitsari. Sabon bargo irin wannan a bari ya lalace? Na adana mata. Kuma ni kaɗai ce a kan komai na gidan nan, ba wanda ke ganin wannan."

Da zan fita na leƙa ta tagar ɗakin baƙi. Ga shi nan a shimfiɗe a kan gadon Inna, an ja shi tsaf, ba wanda ya taɓa kwana a kai.

Na koma sito raina a ɓace, na ce gobe zan sayo wani. Inna ta kama wuyan hannuna da hannunta na hagu.

"Kada ki ƙara," ta ce. "Abu mai kyau ba ya kwana uku a ɗakin nan. Jawo mini buhun can."

Buhun da take matashi da shi take nufi. Shi kaɗai ne abin da ba a adana mata ba, don kowa shara ya ɗauke shi. Na kwance bakinsa, ƙyallaye suka zubo. Guntattakin yadi ne na shekara arba'in, duk abin da ta ɗinka wa 'yan gidan sai ta yanki ɗan tafin hannu ta jefa ciki.

"Ki kira Gajera," ta ce. "Bargo za mu yi."

Haka muka fara. Kullum ƙarfe biyu muke rufe shago mu zo, lokacin da Yaya ke wurin aiki, matarsa kuma tana barcin rana. Mu jingina Inna da bango, mu baza ƙyallayen a cinyarta. Ba ta gani sosai tunda ba tabarau, amma yatsunta sun san kowane. Ta shafa wani shuɗi mai kauri ta ce rigar makarantar Yaya ce ta farko, ta yi masa ita da girma don ta kai shi shekara uku, ya yi ta kuka wai yara na ce masa mai rigar babansa. Ta shafa wani mai ratsi ta ce rigar aikin marigayi mijinta ce. Wani mai ɗigo-ɗigo zanen da ta goya Auta da shi ne. Wani kore da ya koɗe labulen ɗakinta ne na farko, tun suna haya.

Ta ƙi yarda mu ɗinka mu kaɗai. Gajera ta zura zare, ni in ja ƙyallen ya miƙe, Inna ta tura allura da babban yatsanta na hagu, ta jawo ta da haƙori. Ƙyalle ɗaya yakan ci mata wuni. Ɗinkin kuwa, wani taku kamar na kaza, wani kamar na raƙumi. Wannan ban ga laifinta ba, ciwo ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne umarnin da take ba mu.

"Jan nan kusa da koren. Baƙin zare a kan fari. Bakin ɗinki ya fito waje, kada ku kalmashe."

Gajera ta ɗaga abin da muka haɗa ta juya shi sama da ƙasa. "Inna, wannan ko akuya aka lulluɓa wa sai ta kai ƙara."

Inna ta yi dariya da rabin bakinta har tari ya sarƙe ta. Tun da ta kwanta ban ji dariyarta ba sai ranar.

"Haka nake so," ta ce. "Ku bar shi mummuna."

Wannan fa ita ce matar da ta taɓa sa ni warware hannun riga sau huɗu saboda ya goce da faɗin yatsa. Ita ce ke cewa ɗinkin da bayansa ba shi da kyau, gabansa ma ƙarya yake yi. Na ce a raina ciwon ya fara taɓa mata kai. Na ji abin da ta faɗa game da abu mai kyau da kwana uku, da kunnena na ji, amma ban haɗa shi da wannan ba. Abin da na fi kasa yafe wa kaina ke nan.

Bargo yana girma, Inna tana raguwa. Gyambo ya fito mata a ƙugu saboda ba mai juya ta. Tarin ya sauka ƙirji, yana fita da wani irin gurnani. Akan ajiye mata abinci a bakin ƙofa, ta gefen hannun da ya mutu, sai mu zo mu tarar tururuwa sun riga ta. Na yi wa matar Yaya magana, ta ce ita warin ɗakin yana tayar mata da zuciya, kuma ai ga mu muna zuwa. Na yi wa Yaya maganar tarin, ya ce ranar Litinin zai kira likita. Litinin uku suka wuce. Duk da haka, da zarar ta ji muryar Gajera a tsakar gida sai ta fara laluben allura. Wata rana ta ce mana, "Tun da na kwanta kowa aiki yake yi a kaina. Yau ni ma ina aiki."

Mako uku muka gama fuskar bargon. Saura a saka tsofaffin zannuwa a tsakiya don ɗumi, a yi masa shafi a baya, wannan kuwa sai da keke. Na naɗe shi zan tafi da shi shago, Inna ta riƙe gefensa.

"Shafi kawai, Tsaf-tsaf. Ko da buhu ne. Kada ki taɓa gaban."

Na ce to.

Washegari na baza shi a kan tebur, sai ga wata tsohuwar mai kawo mana ɗinki ta shigo. Ta tsaya ta dubi bargon, ta kama baki.

"Wace 'yar koyo ce ta yi muku wannan ɓarna?"

"Inna ce, da mu," in ji Gajera.

"Wace Innar? Wadda ta ɗinka mini kayan aurena?" Ta girgiza kai. "Allah sarki. Tsufa bai yi ba."

Bayan ta fita na daɗe ina kallon bargon. Na ce ashe abin da za a tuna Inna da shi ke nan, matar da mutane ke tasowa daga wata unguwa su yi layi a ƙofarta. Na ce an ƙwace mata gado, an ƙwace keke, an bar ta a kan leda, ni ma kuma in kai mata tsumma? Ko sau ɗaya ne, ta rufa da abin da ya dace da ita. Na ɗauki reza.

"Me za ki yi?" in ji Gajera.

"Gyarawa zan yi."

"Ta ce a bar shi."

"Ba ta san abin da take faɗa ba."

"Inna ce ba ta san abin da take faɗa ba? Ke dai ce ba ki iya ganin karkatacce ki yi barci. Ba hannuna a ciki."

Wuni biyu na yi a kai. Na warware shi ƙyalle-ƙyalle, na Inna da namu duka. Zaren da na zare na tara a gwangwanin maɓalli, don ita ta hana mu zubar da zare a ƙasa. Na daidaita kowane ƙyalle da almakashi, na jera masu duhu a gefe, masu haske suna shigowa tsakiya, shuɗin rigar Yaya a can cibiya. Na yi masa baki da yadi mai ruwan ƙasa, na yi shafi, na bi shi da dutsen guga. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Masu wucewa har tsayawa suke yi a ƙofar shago.

Na kai mata shi da rawar jiki. Na warware shi a kanta ina jiran ta yi murna. Ta ɗora hannunta na hagu, ta bi layin farko da yatsa, ta bi na biyu. Ta koma kusurwar da ta ɗinka zanen goyon Auta, inda ta kwana biyu tana fama, ta lalaba, ta sake lalabawa. Hannun ya tsaya.

"Ya yi kyau, Tsaf-tsaf," ta ce. Hawaye ya gangaro ta gefen idon da ba ya rufuwa. "Lulluɓa mini. Ki juya shafin sama."

A lokacin ne na gane abin da na yi. Na juya shi, shafin ya koma sama, kyan ya koma ƙasa.

Kwana huɗu ta yi da shi, kuma kwana huɗun nan ta yi barci. Makyarkyatar ta tsaya. Har Gajera ta fara tsokanarta wai ta yi ƙiba. A rana ta biyar ya ɓaci, dole a wanke. Na wanke da kaina na shanya a igiyar bayan kicin, na je sayo mata maganin tari. Rana ce ta ɗan leƙo, kuma ranar hutu ce, Yaya yana gida. Na dawo na tarar da shi tsaye a gaban igiya, ya kama tsakiyar bargon yana kallon shuɗin nan.

"Rigata ce wannan," ya ce. Wallahi idonsa ya kawo ruwa. "Ta farko. Ashe Inna ta ajiye."

"Ita ce, Yaya. Bari ya bushe in mayar mata."

"A mayar ina? Cikin fitsari?" Ya girgiza kai. "A'a, ƙanwata. Wannan ba abin rufa ba ne, tarihin gidanmu ne. Aikin Inna na ƙarshe. Jikokinta za su so su gani. Adanawa za a yi."

"Sanyi take ji, Yaya. Don shi muka yi."

"Gobe zan sayo mata wani."

"Wanda na sayo yana ina? Na da can yana ina? Rigar da ka sa shekara arba'in da suka wuce kake wa hawaye, wadda ta ɗinka ta tana bayan bangon nan tana tari, yaushe rabonka da ka leƙa ta?"

Bai ɗaga murya ba. Ya sauke bargon daga igiya, ya ninke shi a hankali, ya rungume.

"Uwarki ce ko uwata?" ya ce. "Na lura tun da kuka fara zaryar nan jikinta ya ƙara tsanani. Kuna wahalar da ita da ɗinki, mai ciwo. Ki huta da zuwa haka nan."

Washegari Litinin maigadi ya tare ni a ƙofa, yana sunkuyar da kai. Ya ce an ce Inna na barci, kuma likita ya hana a dame ta. Na ce wane likitan, ya ce shi dai haka aka ce ya ce. Ta tagar falo na hango bargon, an baza shi a bango sama da doguwar kujera, an kafe shi da ƙusoshi huɗu.

Ranar Talata Gajera ta samu shiga, da sunan za ta auna matar Yaya. Ta ɗaura tsofaffin zannuwa biyu a ƙarƙashin nata, da ta samu sarari ta zame sito ta rufa wa Inna. Ta dawo shago ta zauna.

"Zanen gado ɗaya ne a kanta," ta ce. "Numfashinta kamar ana jan zarto. Ta tambaye ki."

"Me ta ce?"

"Ta ce in gaya miki kada ki yi kuka. Wai ɗinkin ya yi kyau, ita ta koya miki."

Na kifa kaina a kan keke na yi kukan da aka ce kada in yi. Da na gama muka share ƙasan shago, muka tattara duk wani ƙyalle, mai maiƙo da mai ƙura. Muka haɗa ja da kore, baƙin zare a kan fari, bakin ɗinki a waje. Na karkata layi da gangan, hannuna yana ƙi ina tilasta masa. Muka cusa tsofaffin zannuwa huɗu a ciki, muka yi shafi da buhu. Gajera za ta shiga da shi a matsayin tsumman goge ƙasa. Ranar Laraba aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna ɗinki ina jin saukarsa a kan kwano, ina tuna wurare biyun da ke yoyo.

Da safiyar Alhamis muka isa da shi a cikin jaka. Ƙofar gidan a buɗe take wangame, an jera kujeru a tsakar gida, takalma sun cika bakin falo. Ba wanda ya tare ni.

Na wuce sito kai tsaye. An riga an share shi. An jingina katifar a waje, ruwa na ɗiga daga gefenta, an mayar da buhunan gawayi inda take kwanciya. Wata mata ta ce mini ai tana ɗakinta. Na ce wane ɗakin. Ta nuna mini na gaba, mai tagogi biyu.

Can na same ta, a kan gadonta, cikin sabon fenti da sababbin labule. Ga rediyonta a kan tebur, ga fulas, ga tabarau a ninke. Ga keken ɗinki an goge shi yana ƙyalli. Duk abin da aka adana mata sai ta ji sauƙi ya fito a safiya ɗaya. An lulluɓe gawarta da bargon nan na bangon falo tun daga ƙafa har ka, kyan a sama, ana ganin hujin ƙusoshi a kusurwoyinsa.

Mata sun cika ɗakin. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa idonsa jawur, yana amsa gaisuwa.

"Da hannunta ta ɗinka shi," yake cewa. "Da hannu ɗaya, a kan gadon nan. Ba ta rabuwa da shi."

Wata dattijuwa ta shafa gefen bargon. "Ikon Allah. Mai shanyewar ɓarin jiki, amma dubi layi, ko ɗaya bai goce ba." Ta juyo ta gan ni. "Ke ce 'yar koyonta ko? Kin ga aikin manya."

Gajera ta matse mini hannu, amma bakina ya riga ya buɗe.

"Ba ɗinkinta ba ne," na ce. "Nawa ne. Nata karkatacce ne, ni na warware shi. Da gangan ta yi shi mummuna don kada a ɗauke mata, kamar yadda aka ɗauke sauran. Ba a ɗakin nan ta kwanta ba. Ku je bayan kicin ku ga katifarta, har yanzu ruwa take ɗiga."

Na zaci wani zai tashi ya je ya duba. Taku ashirin ne tsakani.

"Baƙin ciki ne ya taɓa ta," in ji Yaya, da muryar nan tasa. "Ta shaƙu da Inna sosai. Ku fita da ita ta sha iska."

Matan suka gyaɗa kai. Wata ta ce in yi haƙuri, wata ta ce ba ranar tone-tone ba ce. Dattijuwar ta janye hannunta daga bargon ta sunkuyar da kai, ita ma ba ta tashi ba. Aka riƙo ni a kafaɗa a hankali, da tausayi, aka kai ni bakin ƙofa.

Ba a dake ta ba, ba a zage ta ba. Ko sau ɗaya ban ji an ɗaga mata murya a gidan nan ba. Da sannu da Allah ya ƙara sauƙi aka kwashe mata komai, kowa da dalilinsa mai kyau, har ya rage daga ita sai leda. Ɗanta ya ji kunyar a ce uwarsa tana gidan wata, bai ji kunyar tana sito ba, domin sito ba a ganinsa daga titi. 'Yarta ta zaɓi abin da waya ta nuna mata. Ni kuma da nake ganin na fi su, na ji kunyar a ga karkataccen ɗinki da sunan Inna. Ita kaɗai ta san gidan da take ciki, ta yi dabarar da za ta fitar da ita damina da hannu ɗaya da haƙori, na sa reza na warware.

An ce bargon ya koma bangon falo, yanzu har gilashi aka yi masa. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa shuɗin tsakiya, a ba shi labarin uwa da ɗanta. Mummunan kuma yana gidana, shi nake rufa da shi, kuma ya fi duk wani bargo da na taɓa mallaka ɗumi.

Gwangwanin maɓallin yana nan a kan kekena. Wani lokaci nakan buɗe in duba. Guntayen baƙin zare ne a cukurkuɗe, wasu da alamar haƙori a jikinsu. Aikin Inna na ƙarshe ke nan, kuma ba wanda ya taɓa cewa a adana shi.